Ni da Daw Sein a Kan Dutsen Zinariya

Tun ranar da muka sauka a Jidda wayata ba ta huta ba. Wannan ta kira ta ce, "Ummu Faisal, wai da gaske kin hau dutsen 'yan Buda?" Waccan ta zo sannu da zuwa, ko gahawar ba ta kai bakinta ba sai ta ce, "Yalla, ɗauko mana daga farko." Na ba da labarin a falonmu na Utaibiyya, na ba da shi a gidan biki a Ka'akiyya, har na lura kullum sai na manta wani abu, wata kuma ta kai shi gaba da ƙari. Jiya aka ce mini wai giwa na hau. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda aka yi, kowa ta karanta ta bar ni in huta.

Sunana Safiyya. A Makka aka haife ni, kakannina ne suka zo daga Kano aikin Hajji suka zauna. Mijina Abu Faisal yana da kantin turaren ud a Kudai, kuma lokaci lokaci yakan tafi ƙasashen gabas saro itacen. Bai taɓa tafiya da ni ba. Da ya ce wannan karon Burma zai je, wadda yanzu ake kira Miyanma, sai na ce masa yara sun girma, ƙafata ƙafarsa. Ya yi ta kawo uzuri, na yi ta warwarewa, har ya gaji ya kai fasfona neman biza.

Kafin mu tashi na je sallama da Khala Anwara, tsohuwa Musulma 'yar asalin can, wadda muke saye da sayarwa da ita tun ina amarya. Da ta ji inda za ni sai ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba. Ta ce, "Ƙasar da ta kore mu za ki? Ki kula da kanki, 'yata. Kada ki rabu da mijinki ko nan da can." Maganar ta zauna mini a ƙirji, amma wallahi ɗokin tafiya ya fi ta ƙarfi.

Mun kwana a hanya, mun canza jirgi a Bankok, muka sauka Yangon da hantsi. Jami'in da ke buga hatimi ya dubi koren fasfona, ya dubi baƙar fuskata, ya sake duban fasfon. Ya ce, "Saudi?" Na ce, "Saudi." Ya ce, "Afrika?" Abu Faisal ya leƙo ta bayana ya ce, "Saudi, Makka." Mutumin ya kira abokin aikinsa, suka yi ta kallona suna murmushi kamar sun ga abin da za su ba iyalansu labari, sannan ya buga hatimin ya miƙo mini da hannu biyu.

A waje wani saurayi siriri yana jiranmu. Yana ganin mu ya ce, "Ahlan ya mudir! Ahlan ya Hajja!" da Larabcin Jidda sak. Mudir, wato maigida, haka ya riƙa kiran mijina. Wannan shi ne Ko Tun, direban da aka haɗa mu da shi. Ya yi shekaru yana tuƙa motar wani kamfani a Jidda, can ya tsinci Larabcin titi. Shi ɗan addinin Buda ne, kuma shi ya zama bakinmu da kunnenmu a tafiyar nan.

Abin da na gani daga filin jirgi zuwa masauki ya ishe ni labarin wata guda. Mu a Makka mun saba ganin dattawan Burma da na Yaman da zani a ƙofar gida, amma ban taɓa ganin ma'aikaci da farar riga da jakar ofis ya ɗaura zani ya nufi banki ba. Mata kuwa kowacce da wani farin abu a kumatu. Na ce, "Ko Tun, ƙyanda ake yi a garin nan?" Ya yi dariya har motar ta karkace. Ashe kwalliya ce, ɓawon wani itace ake gogawa a dutse a shafa, yana maganin rana. Sai kuma jan yawu ko'ina a bakin titi, na ɗauka jini ne. Wani ganye ne suke taunawa da 'ya'yan itace, shi ne goronsu.

Masaukinmu ƙaramin otal ne a unguwar Musulmi, kusa da wani tsohon masallaci, ɗakin yana can sama kuma babu lif. Da yamma muka sauko wurin mai shayi. Muna zama sai na ji wani ƙato a bayana yana tsotsar leɓe, irin ƙarar sumba, har sau biyu. Abu Faisal ya miƙe tsaye, ido ya yi ja. Ko Tun ya yi wuf ya riƙe shi. "La, la, mudir! Mai shayi yake kira!" Muka waiga, ga mai kawo shayi ya taho a guje. Haka ake kiran mai hidima a can. Kafin mu bar ƙasar, na kama Abu Faisal da kansa yana gwadawa a hankali.

Abinci kuwa, da safe miyar kifi ce da taliya. Suna da wani dakakken kifi mai wari da suke sa wa a komai, ina shinshinawa na ce wannan ai daddawarsu ce, daga nan muka shirya. Ganyen shayi ma kwaɗa shi suke yi da gyaɗa da tafarnuwa su ci. Na ci, na ƙara, ranar barci ya ƙi zuwa.

Mutumin da zai kawo wa Abu Faisal itacen ud ya aiko cewa zai yi jinkiri a ƙauye. Muna zaune ba aikin yi sai Ko Tun ya zo yana murza hannu. Ya ce yana neman izinin kwana ɗaya. Gobe mahaifinsa zai cika shekara da mutuwa, kuma mahaifiyarsa ta yi alkawarin zuwa Dutsen Zinariya a ranar. Ya ce wani dutse ne a kan tsauni, wurin da duk ɗan Buda na ƙasar yake burin ya je ko sau ɗaya a rayuwarsa. Iyayensa sun daɗe suna shirin zuwa tare, uban har ya sayi ganyen zinariyar da zai manna wa dutsen, ciwo ya kwantar da shi bai tashi ba.

Ban san lokacin da na ce, "Za mu bi ku!" ba.

Abu Faisal ya harare ni. Ya ce da Hausa, "Safiyya, wurin bautarsu ne fa."

Na ce, "Kallo zan yi, ba ruku'u ba. Mu da muke ganin alhazan duniya kullum a ƙofar gidanmu, ba ka son ganin yadda wasu suke tasu tafiyar?"

Ya ce, "To. Amma ido kawai. Ba sunkuyawa, ba taɓawa."

Da sassafe muka biya muka ɗauki uwar. Sunanta Daw Sein, kuma Daw ɗin nan kamar mu ce Inna ne. 'Yar mitsitsiyar tsohuwa ce, furfura fat, da fure a gashinta, tana zuƙar wata taba mai kaurin rake. Ta shigo ta zauna kusa da ni, ta ƙare mini kallo, ta shafa abayata, sannan ta yi wa ɗanta magana. Ya ce, "Hajja, tana tambaya wace rana aka haife ki." Na ce Talata, kakata ma Talatu take kirana. Tsohuwa ta buga cinya ta yi shewa. Ita ma Talata ce. A wurinsu ranar haihuwa babban abu ce, da ita ake zaɓa wa yaro suna. Na ce ai mu ma haka muke. Daga nan ta kama hannuna ta ɗora a kan cinyarta, duk tsawon hanyar bai sauka ba.

Hanyar doguwa ce, gonakin shinkafa hagu da dama. Abin da ya fi burge ni shi ne tulunan ruwa da ake ajiyewa a gindin bishiya da moɗa a kai, duk mai wucewa ya sha, kamar sabil ɗinmu na Makka. Bayan azahar muka isa garin da ke gindin tsaunin. Daga nan ba a hawa da ƙaramar mota. Manyan motoci ne irin na ɗaukar yashi, an jera musu benci a baya, ana hawa ta wani tsani. Jama'a kuwa ba a magana: tsofaffi, jarirai, 'yan mata da kwandunan abinci a ka, barguna, tukwane. Na ce wa Abu Faisal, "Wannan ai tashar Kudai ce ranar hawan Mina!" Muka yanke shawarar mu haɗa azahar da la'asar in mun kai sama.

A nan aka yi abin da aka yi. Mazan suka tura mu gaba, ni da Daw Sein muka hau muka zauna. Kafin su sa ƙafa, wasu iyali suka cike bencin, mai mota ya buga ƙarfe, mota ta tashi. Na waiga na ga Abu Faisal yana ɗaga hannu, Ko Tun yana ihu, "Mafi mushkila, Hajja! Muna bayanku!" Wayata ba ta aiki a ƙasar, mai aikin tana aljihun mijina. Maganar Khala Anwara ta faɗo mini a rai.

Amma motar ba ta ba ni damar tsoro irin wannan ba, ta kawo nata. Direban yana hawa kamar ana bin sa, kwana bayan kwana, rami a gefe ba a ganin ƙarshensa. Duk kwanar da aka sha sai mota ta ɗauki ihu da dariya. Ni ina "La haula", Daw Sein tana jan carbinta, don su ma suna da carbi, ɗaya hannun kuma ta riƙe ni gam. Can na ji ni ma ina ihun ina dariya tare da su, mayafina yana tashi, wata yarinya a bayana ta riƙe mini shi.

Inda mota ta sauke mu akwai sauran tafiyar ƙafa. Ƙarti huɗu suka taso da kujera ɗaure a jikin gora, irin shibriyyar da kakata ta ce da ita ake yi wa tsofaffi ɗawafi a da. Daw Sein ta kore su da hannu. Ta nuna gwiwoyinta, ta nuna hanya, ta nuna ƙirjinta. Na gane da ƙafarta ta yi alkawarin ƙarasawa. Muka ɗan jira mazan, motoci suka zo suka juye, babu su. Ta ja hannuna, muka kama hanya, ta jingina da ni, muna tafe muna hutawa.

A bakin ƙofar akwai gumakan zakoki biyu manya, a nan kowa ke cire takalmi. Na cire nawa. Mai gadi ya nuna safata. Na tsaya turus, don ni ban saba fitar da ƙafa a gaban maza ba. Ina cikin wannan sai wani mutum mai matsakaicin shekaru ya tsaya ya dube ni daga sama har ƙasa, ya faɗi wata magana da ƙarfi. Ban ji yaren ba, amma na ji nufin. Mutane suka fara waigowa. Na ce a raina yau ga ni ni kaɗai da baƙar abaya a tsakiyar dubban mutane.

Daw Sein ta saki hannuna ta shiga tsakaninmu. Tsohuwar da kanta bai kai kafaɗata ba ta ɗaga yatsa ta dinga zuba masa magana, tana nuna ni tana nuna kanta. Wasu mata suka sa baki. Mutumin ya sunkuyar da kai ya wuce. Sannan ta kwance mayafin kafaɗarta ta kare ni, na cire safar, na saki abayata ta rufe ƙafafuna. Daga baya na roƙi Ko Tun ya tambaye ta abin da mutumin ya ce. Ta ƙi faɗa. Da na dawo na ba Khala Anwara wannan labarin, sai ta ce ita ma ta san mata irin wannan a ƙauyensu, amma ba su isa su hana korar da aka yi wa Musulmin can ba.

Muka bi wani fili mai faɗi shimfiɗe da marmara, sai ga shi. Ya jama'a! Dutse ne guda, girmansa ya kai ɗaki babba, zinariya tun daga sama har ƙasa, da 'yar hasumiya a kansa. Yana zaune a ƙarshen gaɓar tsauni, rabinsa a kan iska, kamar in yaro ya tura shi zai gangara. Na ce, "Subhanallah!" da ƙarfi. Su a wurinsu, gashin Buda guda ɗaya da ke cikin hasumiyar ne yake riƙe da shi. Ni na san Wanda ya riƙe shi, amma na tsaya baki buɗe kamar kowa.

Filin cike yake. Iyalai sun shimfiɗa tabarmi za su kwana a nan, ana buɗe kwanukan abinci, ana kunna kyandir da turare, ana jera furanni da ayaba. Malamansu masu jan mayafi da askakken kai suna wucewa, har da mata masu irin wannan rayuwa, su ma kai a aske, da tufafi ruwan hoda. Wata mata ta durƙusa tana kuka tana motsa baki. Irin kukan nan na san shi, na sha ganinsa a fuskar baƙin da suka tara kuɗin shekaru suka zo garinmu.

Tsakanin filin da dutsen akwai 'yar gada. Maza kaɗai ke haye ta su manna zinariya, mata iyakarsu bakin ƙarfe. Daw Sein ta zauna a nan, ta ciro wani ƙunshi daga cikin rigarta ta buɗe mini. Ganyen zinariyar mijinta ne, siriri fiye da ɓawon albasa, kowanne a tsakanin takarda. Ta nuna rana, ta nuna hanya, ta girgiza kai. So take ɗanta ya manna kafin ranar ta faɗi, ga shi babu shi babu alamarsa.

Ni ma rana nake kallo, don ban yi salla ba. Na ɗaga hannuwana zuwa kunne na nuna mata. Nan take ta gane. Ta tashi da ƙyar ta ja ni muka fita ta ƙofar, muka shiga rumfar wata mai sayar da abinci. Suka yi magana, matar ta kawo ruwa a buta, ta kai ni bayan rumfa ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Na fuskanci inda rana za ta faɗi, don a can alƙibla yamma take. Daw Sein ta zauna a bakin hanyar da carbinta, duk wanda ya nufo ta mayar da shi, har na sallame.

Muna fitowa na hango su. Abu Faisal ya jiƙe sharkaf da gumi, hularsa a hannu, Ko Tun rataye a kafaɗarsa yana ɗingishi da ƙafa ɗaya. Motarsu ce ta mutu a tsakiyar hawa. Wajen dirowa Ko Tun ya gurɗe idon sawu, ƙafar ta kumbura suntum, kuma tun daga can mijina yake jan sa. Masu kujerar gora sun tare su, Ko Tun ya ce kunya ba za ta bar shi a ɗauke shi kamar tsoho a gaban uwarsa ba.

Abu Faisal ya dube ni yana haki ya ce, "Kin yi salla?" Na ce na yi. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ni a gefen hanya na yi, yana jingine da bishiya yana gadina."

Ba lokacin hira. Rana ta yi ja. Mijina ya cire takalmi, ya sake saɓa hannun Ko Tun a wuyansa, muka ratsa filin, mutane suna buɗa mana hanya. A bakin gadar ya tsaya cak. Ya ce, "Ya Ko Tun, ni iyakata nan."

Ko Tun ya ce, "Na sani, mudir. Ka yi mai wuyar."

Uwar ta damƙa masa ƙunshin. Ya dafa ƙarfen gadar yana tsalle da ƙafa ɗaya, wani dattijo da ke fitowa ya juya ya tallafe shi suka haye. Muna kallo ya durƙusa, ya ɓare takardun ɗaya bayan ɗaya yana manna wa dutsen yana shafawa da yatsa. Daw Sein ta haɗa tafin hannunta a goshi, hawaye yana bin farin abin da ke kumatunta. Ni da Abu Faisal muka ja baya muka tsaya. Da ta gama ta waigo tana nemana, ta kama hannuna ta matse, tana dariya tana kuka.

A wani ƙaramin masauki kusa da ƙofar muka kwana, ga sanyi kamar na Ɗa'if. Washegari saukowar ta fi hawan tashin hankali, amma wannan karon mu huɗu muna benci ɗaya, kuma Abu Faisal ne ya fi kowa salati. Wani ɗan'uwan Ko Tun ne ya zo ya tuƙo mu zuwa Yangon. Mai itacen ud ya iso, aka yi ciniki, Abu Faisal ya ce kayan sun yi kyau.

Ranar da za mu tafi muka biya gidansu sallama. Daw Sein ta zaunar da ni, ta goga itacen nan a dutse ta shafa mini a kumatu, ta kawo madubi. Muka yi ta dariya. Da muka miƙe, bakina ya riga tunanina, na ce, "Ko Tun, gaya mata saura ita. Ta zo Makka ta ga gidana, in yi mata..." Sai na tuna, na katse maganar.

Ko Tun ya yi murmushi. Ya ce, "Hajja, na san allon nan na hanyar Jidda, mai cewa Musulmi kaɗai ke shiga Makka. Sau da yawa ina kaiwa wurin in karkata."

Kunya ta kama ni. Na ce, "To ta zo Jidda. Wallahi zan fito in tarbe ta, in kama mana gida a bakin teku."

Ya fassara mata duka, har da zancen allon. Tsohuwa ta saurara, ta gyaɗa kai, ba alamar ɓacin rai. Ta yi magana a hankali tana riƙe da hannuna biyu.

Ko Tun ya ce, "Ta ce ta tsufa da hawa jirgi. Ta ce a garinku ma akwai tsofaffin da suke zuwa daga nesa su rabu da 'ya'yansu a cikin taro?"

Na ce, "Kullum."

Ya gaya mata. Ta ce wani abu gajere, ta sake ni.

"Ta ce to in kin ga ɗaya, ki riƙe mata hannu. Ta ce kin iya."